Sabon Salon Dara: Yadda Ake Faɗin Inda Aka Samo Shi da Yadda Ake Gwada Shi

Kowace majalisa da ake buga Whot a ƙasar nan tana da nata dokokin. A wata, idan aka ajiye lamba 2 na gaba zai ɗebi kati biyu, ba shi da ta cewa. A wata kuma yana iya tarewa da tasa 2 ɗin, bashin ya zarce kan na kusa da shi. Lamba 14 tana tura kowa kasuwa, lamba 20 kuma mai ita ke zaɓar siffar da za a bi. Katin kansa daga Ingila ya zo, William Henry Storey ne ya fito da shi a 1935, amma dokokin da suka ba shi armashi a hannun 'yan Najeriya suka girma, kuma babu sunan kowa a jikinsu. Haka lido yake: tushensa pachisi ne na ƙasar Indiya, aka rage shi a Ingila aka sa masa sabon suna wajen 1896, mu ma da ya iso hannunmu muka ƙara namu.

Tungan Maje, da ke kan babbar hanya tsakanin Zuba da Gwagwalada, wuri ne da wannan bambanci ke fitowa fili. Yankin ya tara Gbagyi da Koro da Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo, kowa ya zo da dokar garinsu. Bakatsine da Basakkwace za su zauna dara, kafin a ci ɗa uku gardama ta tashi a kan abin da ya halatta. Wanda ke son ya tsara sabon salon wasa ya samu wurin aiki a nan, domin a unguwa ɗaya zai ga salo iri-iri, kuma zai samu masu gwada masa da ba su taso da doka ɗaya ba.

Sauya doka ba shi da wuya, yara ma suna yi kullum. Abin da ke sa sabon salo ya zauna, har a buga shi a inda mai shi bai taɓa zuwa ba, abu biyu ne: a san daga ina aka ɗauko kowane yanki nasa, kuma a ba wasu hannaye su buga shi har aibinsa ya bayyana. Wannan jagora ta ɗauki dara a matsayin misali, amma matakan suna aiki ga lido da Whot da diraf da duk wasan da ake yi a zaune.

Ka san tsohon wasan tukuna

Darar da ake nufi a nan ita ce ta jere. Gidaje 30 ne, layi 5 kowanne da gida 6, ana tona su a ƙasa ko a zana a allo. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya ya riƙe tsinke ko kara, ɗaya duwatsu. Da farko ana dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku a lokacin dashe ba. In an gama, sai a shiga tafiya: ɗa yana matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku daidai a miƙe ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Jerin huɗu ba ya ci. Wanda aka rage masa 'ya'ya har ya kasa jera uku, an cinye shi. Zabarmawan Nijar suna buga irinta da sunan dili, Dakarkarin ƙasar Zuru ma an san su da ita.

Wannan shi ne ƙashin bayan wasan, amma akwai ƙananan wurare da ake saɓani. Ana iya cin ɗan da ke cikin jerin uku na abokin karawa, ko yana da kariya? Idan matsi ɗaya ya haifar da jeri biyu, ɗa ɗaya za a ci ko biyu? Wa ke fara tafiya bayan dashe? Kafin ka taɓa komai, zauna da dattawa biyu ko uku da ba garinsu ɗaya ba, ka yi musu waɗannan tambayoyi. Ka je da ladabi, ka gaida mutum, ka bari ya gama wasan da yake ciki, sannan ka ce, "Baba, a garinku in an jera uku, ana iya cire na cikin jerin?" Rubuta amsar tare da sunan garin da ya koyi wasan da kuma wanda ya koya masa. Matambayi ba ya ɓata, kuma sau da yawa abin da kake tsammani kai ka ƙirƙira za ka tarar tsohuwar doka ce a wani gari.

Nemo ciwon, ka sauya abu ɗaya

Salo mai kyau yana warkar da wani ciwo ne da 'yan wasa suka sani. Faɗi ciwon a jimla ɗaya: wasan yana daɗewa fiye da hutun da mutane ke da shi, wanda ya fara yana yawan ci, mutum uku ne a zaune amma wasan na biyu ne, ɗan koyo ba ya samun ko ɗa ɗaya a hannun gwani, sai ya gudu. In ka kasa faɗin ciwon, ba ka kai ga sauya doka ba tukuna.

Ga misalin da za mu bi. Gwanin dara yakan kafa tarko da 'ya'ya biyar: biyu a layin sama, biyu a layin da ke ƙarƙashinsa, na biyar yana kai-komo tsakanin gida biyu. Ya hau sama ya cika uku ya ci, ya sauko ƙasa ya cika wasu ukun ya sake ci. Da zarar tarkon ya kafu, wasa ya ƙare a haƙiƙa, sauran duk jiran jana'iza ne, domin duk ɗan da ya matso don toshewa shi za a fara cirewa. Sabon salon zai ce: ɗan da ya ci ba zai motsa a zagaye na gaba ba, sai mai shi ya motsa wani. Wannan yana ba wanda ake ci dama biyu na toshe gidan maimakon ɗaya.

Doka ɗaya ke nan, kuma a nan za a tsaya. Kada ka haɗa da rage gidaje ko ƙara 'ya'ya a lokaci guda. In ka sauya abu uku wasan ya lalace, ba za ka san wanne ya lalata shi ba; in ya yi daɗi, ba za ka san wanne za ka riƙe ba.

Rubuta inda ka samo

Faɗin wanda aka karɓi ilimi daga gare shi tsohuwar tarbiyya ce a ƙasar Hausa. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowannensu. Wasa bai kai darajar wannan ilimi ba, amma amanar iri ɗaya ce.

Tarihin wasan Monopoly ya nuna abin da ke faruwa in aka yar da ita. Wata Ba'amurkiya, Elizabeth Magie, ta yi wa wasanta na masu gidajen haya rajista a 1904. Wasan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu kusan shekara talatin, mutane suna zana allonsu a gida suna sauya sunayen tituna. Charles Darrow ya koye shi a wurin wani abokinsa, ya kwafi allon har da kuskuren rubutun sunan wata unguwa, ya sayar wa kamfanin Parker Brothers a 1935 a matsayin nasa, da sunan Monopoly. Kamfanin ya sayi rajistar Magie a kan dala 500, Darrow ya zama attajiri, aka yi shekaru ana buga labarinsa a matsayin wanda ya ƙirƙiri wasan. Magie ta rasu a 1948. Sai da wani malamin jami'a, Ralph Anspach, ya fito da nasa wasan mai suna Anti-Monopoly a 1973, magana ta kai kotu, ya shiga tonon tarihi don kare kansa, sannan sunanta ya dawo. Kuskuren rubutun nan da aka kwafa yana cikin abubuwan da suka nuna hanyar da wasan ya biyo.

Don haka tun ranar farko ka ware shafi a littafinka, ka kasa abin da ke cikin salonka kashi huɗu.

Na farko, abin gado: dokokin da al'umma ta mallaka, ba na mutum ɗaya ba. A nan za ka ambaci wasan, da mutanen da aka san su da shi, da bakin da ka ji shi.

Na biyu, abin aro daga wani wasa. Misali, in ka ga wanda ya fara dashe yana da rinjaye, kana iya aro dokar musaya da ake amfani da ita a wasan Hex: na farko ya dasa ɗansa, na biyu ya zaɓa ko ya ci gaba ko ya karɓi wannan dashen a matsayin nasa. Dokar tana hana na farko kama gida mafi kyau. In ka ɗauko ta, ka ce daga Hex ka ɗauko.

Na uku, shawarar wani mutum. In wani ne a majalisa ya ce, "Me zai hana ɗan da ya ci ya huta zagaye ɗaya?", to dokar tasa ce, ko da kai ka rubuta ta ka gwada ta.

Na huɗu, naka na kanka. Shi ma ka rubuta shi da gaskiya, ba ƙari ba ragi. In daga baya ka gano wani ya riga ka, ka ƙara layi ka faɗa. Wannan ba abin kunya ba ne. Hex ɗin ma Piet Hein ne ya fito da shi a Denmark a 1942, bayan 'yan shekaru masanin lissafi John Nash ya sake gano shi a Amurka, kuma ana ambaton su duka biyun.

In aka haɗa, bayanin da zai zauna a saman takardar dokoki ba zai wuce haka ba: "Wannan salo an gina shi a kan darar gidaje 30 kamar yadda Malam Wane ya koya mini, shi kuma ya koya a garinsu wajen kawunsa. Dokar hutun ɗan da ya ci shawarar Wane ce. Dokar musaya daga wasan Hex aka aro ta. Tsara su wuri ɗaya da rubutun nawa ne."

Ka nemi izinin mutum kafin ka sa sunansa. Wani dattijon ba ya son a ga sunansa a takardar wasa, wata baiwar Allah kuma ta fi son a ce "wata uwa a unguwarmu". Ka bi abin da suka zaɓa. In hira ce ka ɗauka a waya, ka faɗa kafin ka danna.

Abin da doka ta ce

Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa mai hedikwata a Abuja ke kula da ita. Dokar tana kare rubutu da zane, ba ta kare tunani ko hanyar yin abu. Ma'ana, ba wanda zai hana ka amfani da dabarar jera uku, amma ba ka da ikon kwafe takardar dokokin wani kalma da kalma, ko zanen allonsa da katunansa. Sunan wasa irin Monopoly kuma alamar kasuwanci ce mai rajista. Shi ya sa lokacin da aka fitar da Monopoly na birnin Legas a 2012, kamfanin Bestman Games na Nimi Akinkugbe da lasisin masu sunan ya yi aikin. Dokar tana kuma da sashe kan kare kayan gargajiya, don haka wanda zai buga wasan gado ya sayar ya kamata ya tuntuɓi hukumar ko lauya. Sai dai ka lura doka ta fi amana sassauci. Akwai wankiya da yawa da kotu ba za ta kama ba, amma majalisa za ta gane ta.

Gwaji mataki huɗu

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai salo shi ne mafi rashin dacewa da yanke hukunci a kan salonsa, domin ya san abin da yake nufi, kuma hannunsa yana kauce wa ramukan da ke ciki ba tare da ya sani ba.

Mataki na farko kai kaɗai ne. Zana gidaje, ka buga ɓangare biyun da kanka, kana neman inda dokar za ta cije. A misalinmu tambaya za ta taso nan da nan: in ɗan da ya ci shi kaɗai ne ke da gidan matsawa, sauran duk a toshe suke fa? Zai motsa, ko mai shi zai rasa zagayen? Dole takarda ta amsa wannan kafin ka kira kowa.

Mataki na biyu na kusa ne: ƙanne, abokai, mutanen gida. Klaus Teuber, Bajamushen da ya fito da wasan Catan a 1995, da matarsa da 'ya'yansa yake gwada wasanninsa a gida, kuma abin da yake lura da shi shi ne lokacin da hankalinsu ya bar allon. Na kusa ba za su faɗa maka magana mai ɗaci ba, amma jikinsu zai faɗa. Wanda ya ciro waya yana dubawa a tsakiyar wasa ya ba ka amsa.

Mataki na uku gwanaye ne, waɗanda suka yi shekaru suna dara a gindin bishiya. Aikinsu shi ne su karya salon. Ka ce musu kai tsaye, "Malam, ina so ku nemo mini hanyar da za a cuci wannan doka." Gwani zai iya kafa tarko biyu, ya riƙa ci da wannan yayin da wancan ke hutawa. In hakan na faruwa da sauƙi, dokarka ba ta warkar da ciwon ba, ta ɗaga shi gaba ne kawai. In kuwa kafa tarko biyu sai gwanin gaske, to salon ya ƙara wa wasan zurfi.

Mataki na huɗu shi ne mafi wuya kuma mafi amfani. Rubuta dokokin a takarda ɗaya, ka miƙa wa mutum biyu da ba su taɓa jin bayaninka ba, ka koma gefe ka yi shiru. Kada ka gyara musu, ko da sun kauce. Duk inda suka tsaya suna gardama, laifin takarda ne. A nan zaman Tungan Maje yake da riba: 'yan acaɓa da ke jiran fasinja a bakin hanya, direbobi a tashar Zuba, ɗaliban Jami'ar Abuja da ke zaune a Gwagwalada, mata da yara da suka saba da lido a tsakar gida. Bayarabe da ya taso da ayo mai gidaje 12 da ƙwaya 48, in ka ce masa dara, wata dara daban zai hango, kuma tambayoyinsa za su nuna maka abin da ka ɗauka kowa ya sani alhali ba haka ba ne.

Sharaɗi biyu ga kowane zama. Kada a sa kuɗi, ko na wasa ne. Ban da haramcin caca, wanda ya sa kuɗi ba zai gwada sabuwar dabara ba, abin da ya tabbata zai ci shi zai yi ta maimaitawa. Kuma in an kira salla a tashi. A bar 'ya'yan a inda suke ko a ɗauki hoton allon.

Abin da za ka riƙa rubutawa

Ja layuka a littafi, kowane wasa da layinsa: kwanan wata, lambar takardar dokokin da aka yi amfani da ita, su wa suka buga da ƙwarewarsu, wa ya fara, wa ya ci, minti nawa aka yi, 'ya'ya nawa suka rage wa wanda ya ci, da duk tambayar da aka yi a tsakiyar wasa. A riƙa musayar farawa, a kuma riƙa musayar abokan karawa, don kada ƙarfin mutum ɗaya ya rikiɗe ya zama kamar ƙarfin doka. Ka sa a buga tsohon salon ma da mutanen nan dai, domin sai da shi za ka auna ko sabon ya rage lokaci ko ya ƙara.

Ka yi hattara da ƙidaya kaɗan. In wanda ya fara ya ci wasa 6 cikin 10, wannan bai nuna komai ba: ko kwabo ka jefa sau 10, samun fuska ɗaya sau 6 ko fiye yana faruwa fiye da sau ɗaya cikin uku. Amma in ya ci 15 cikin 20 tsakanin 'yan wasa masu ƙarfi ɗaya, sa'a kaɗai tana kawo haka kusan sau 2 ne cikin 100, to akwai abin dubawa. Rinjayen mai farawa abu ne sananne a wasannin jere. A 1988 an tabbatar da kwamfuta cewa a wasan Connect Four wanda ya fara zai ci kullum in bai yi kuskure ba. Awari kuwa, ɗan'uwan ayo, da masana biyu a Amsterdam, John Romein da Henri Bal, suka bi dukan matsayinsa kusan biliyan 889 a 2002, sun tarar canjaras yake ƙarewa in kowa ya buga daidai. Ba ka da irin wannan na'ura, amma wasa 20 zuwa 40 da aka rubuta da kyau sun isa su nuna maka babban karkata.

Yadda ake tambaya

Kara da kunya suna hana mutanenmu kushe abin da aka kawo musu. In ka ce, "Yaya kuka gani?", amsar ita ce "Ma sha Allah, ya yi kyau." Yi tambayar da ba za a amsa da yabo ba. A wane lokaci ka san an cinye ka? Wace doka ce ka manta da ita a tsakiyar wasa? In aka ce ka cire abu ɗaya, me za ka cire? Gobe in mun zauna, wannan za mu buga ko tsohon? Ta ƙarshen nan ita ce ma'auni mafi gaskiya, musamman in ka bari su zaɓa da kansu washegari ba tare da ka tuna musu ba.

Tambayi wanda aka cinye kafin wanda ya ci, domin wanda ya ci komai daidai yake gani. Tambayi yaro a inda babba ba ya ji, in ba haka ba zai maimaita abin da babban ya faɗa. In ana magana, rubuta kawai, kada ka kare kanka. Mutum ɗaya ka musa wa, sauran za su rufe baki.

Sannan ka raba ciwo da magani. In mai gwaji ya ce wasan yana gundura a tsakiya, yawanci gaskiya ya faɗa. In ya ce a ƙara 'ya'ya su zama 15, wannan shawara ce da ita ma sai an gwada. Koken da mutum uku da ba su san juna ba suka kawo ya fi nauyi a kan wanda mutum ɗaya ya nanata sau goma. Ka kuma duba daga bakin wa ya fito: gwanin da tarkon kai-komo ne makaminsa zai ƙi salon ko da yana da kyau, ɗan koyo kuma zai so shi ko da yana da aibi.

Gyara, lamba da suna

Bayan kowane zagayen gwaji, gyara abu ɗaya, ka ba takardar sabuwar lamba da kwanan wata, ka rubuta a ƙasa abin da ya sauya da dalilinsa da wanda ya jawo hankali gare shi. Kada ka yaga tsohuwar. Takarda ta 2 za ta iya fin ta 4, kuma in hoton takardar ya bazu a WhatsApp, lambar ce za ta hana mutum biyu gardama alhali kowa takarda daban ya karanta. In gwaji ya nuna sabuwar dokar ta fi tsohon ciwon muni, ka janye ta, ka rubuta cewa an gwada ba ta yi ba. Wannan ma ilimi ne ga na baya, kuma ya fi a nace har dara ta ci gida.

Sunan salo ya nuna tushensa. Lokacin da Bobby Fischer ya gabatar da nasa salon ches a Buenos Aires a 1996, inda ake hargitsa jerin manyan 'ya'ya ta hanyoyi 960, bai ɓoye cewa ches ne ba, kuma sunan da ake kiransa da shi yau, Chess960, yana ɗauke da sunan uwar wasan. Naka ma ya zama "dara mai hutu" ko "darar Tungan Maje", yadda wanda ya ji zai san dara ce aka yi wa reshe. Kada ka kira shi dara kawai, domin hakan yana shafe tsohon salon a bakin yara.

A ƙasan takardar ka jera masu gwaji, da izininsu, ka ware waɗanda suka gano wani aibi ko suka kawo gyara. Yaba kyauta tukuici, kuma wanda ya ga sunansa zai dawo gwaji na gaba. In har salon ya kai ga sayarwa, a yi maganar rabo da wanda ya kawo babbar doka tun kafin kuɗi ya shigo.

Wanda ya kai nan yana da inda zai nufa a cikin Abuja. Kamfanin Nibcard Games na Kenechukwu Ogbuagu yana tsarawa da buga wasannin allo na gida, shi ke shirya taron masu wasannin allo na Afirka da ake kira AB Con, kuma ya samu lambar yabo ta Diana Jones a 2021. Ka tafi da allo mai tsabta, takardar dokoki shafi ɗaya da Hausa da Turanci, da littafin gwajinka. Masu buga wasa za su tambaye ka daga ina salon ya fito da kuma mutum nawa suka buga shi ba tare da kana wurin ba, kuma amsar duka biyun tana cikin littafin.